Na sayi Ténéré 700 belgium, ya kayar da ni sau biyu a sati ɗaya, ta ina zan fara?

Sabon_Hannu_Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu manyan mashina. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Shekara tara kenan ina hawa Boxer, da shi nake zuwa kasuwa da shi nake zuwa ƙauyenmu can bayan Gaya, ban taɓa jin mashin ya fi ƙarfina ba. Na yi shekara uku ina tara kuɗi, ranar Asabar ɗin da ta wuce Allah ya cika min buri na karɓo Yamaha Ténéré 700 na 2020, belgium ne, a mota aka ɗoro min shi daga Legas, agogon ya nuna kilomita 23,000 da 'yan kai. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba dan murna.

To amma ga abin da yake damuna. Ranar Lahadi zan shiga get ɗin gida, a hankali nake tafiya ko gudun keke ban kai ba, na karya kai zan shiga sai yaro ya gifta na damƙe birkin hannu, kawai sai gani na nai a ƙasa mashin ya kwanta ta dama. Sai da maƙwabta biyu suka kama min muka ɗaga shi. Ranar Laraba kuma a gidan mai na tsaya zan sa ƙafa ashe wurin da ɗan gangara da yashi, ƙafar ta zame muka sake zubewa. Tsayina mita 1.70 ne, in na zauna a kai yatsun ƙafa kawai nake iya dangwalawa a ƙasa. Kuma tun faɗuwar farko nake jin wani abu yana ɗan gogawa ta baya in na shiga gargada.

Niyyata da babbar sallah in tafi Mambilla har Gembu, ƙanina a bayana, dan shi ne ma dalilin da yasa na sayi irin wannan. Yanzu jikina ya ɗan yi sanyi. Shin in sa a rage masa tsawo ne? Wane baƙin mai ake zuba masa? Makanikena na Boxer yace in kawo ya juye mai ya wanke kafireto, in kai masa? Sannan kayan sawa, hular kwanon da nake da ita ta kasuwa ce irin ta 'yan achaba. Duk wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Baba_Mai_GS:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sanya alheri ya tsare gaba. Kar faɗuwar nan ta karya maka gwiwa, duk wanda ka gani a kan dogon mashin ya sha ta, kuma mafi yawa a tsaye ko a tafiyar ƙafa ake yinta kamar taka.

Abin da ya kamata ka fara sa wa a ranka shi ne wannan ba babban Boxer bane, wata dabba ce daban. In tankinsa ya cika lita 16 nauyinsa kilo 204 ne, kusan Boxer biyu kenan, kuma nauyin a sama yake saboda tankin da tsawon shakazoba. Kujerarsa milimita 875 daga ƙasa. Boxer in ya karkata da ƙarfin cinya kake mayar da shi, wannan in ya wuce wani gurbi ba mai tare shi, ka sake shi kawai ka janye ƙafarka.

Faɗuwar get ɗinka ga sababinta: kan mashin a karye, ka damƙi birkin gaba. Faifan birki biyu gare shi a gaba ba irin na Boxer mai ganga ba, yana kamawa shakazobar gaba ta nutse nauyin gaba ɗaya ya tafi ɓangaren da kan ya kalla. A tafiyar hankali birkin ƙafa ake amfani da shi, kuloci a rabi, totur kaɗan yana riƙe da injin, idonka a inda zaka ba a ƙasan tayarka ba. Kuma kafin ka tsaya cak ka miƙar da kan tukuna, ko yaya ne.

Maganar ƙafa kuwa, ka daina neman sa biyu a ƙasa. Ni tsayina bai wuce naka da wani abin kirki ba kuma shekara 14 ina kan irin waɗannan. Kafin ka tsaya ka zamo da mazaunanka hagu ka kafa ƙafar hagu gaba ɗayanta, ta dama tana kan birki. Kuma ka riƙa duba inda zaka sa ƙafar tun kana nesa, yashi ne, rami ne, man da ya zube ne, in titin ya gangara hagu to sai ka sauke ta dama wato ɓangaren tudu.

Ka nemi filin ƙwallo ko filin idi da sassafe bayan asuba kafin yara su fito, ka jera robobin ruwa kana zagaya su kana yin lamba 8 a giya ɗaya, minti talatin kullum, sati uku. Ka je da mutum ɗaya. A nan kuma zaka koyi ɗaga shi kai kaɗai, domin a daji ba maƙwabta. Ka kashe inji, ka tabbatar yana cikin giya, in ta dama ya kwanta ka fara buɗe jak ɗin dan kar ya zarce ɗaya gefen. Sai ka juya masa baya ka tsuguna ƙugunka a jikin kujera, hannu ɗaya a kan mashin na ƙasa ɗaya a ƙarfen baya, ka riƙa turawa da ƙafafu kana ja da baya taku kaɗan kaɗan. Kar ka sunkuya ka ce da baya zaka cicciɓa, na san wanda ciwon bayan da ya samu a haka har yau bai rabu da shi ba.

Batun Mambilla da goyo a wannan sallar, in zaka ji tawa ka ajiye shi. Ka fara yin kilomita 3,000 kai kaɗai. Je Tiga ka dawo, je Kazaure, je Dutse, in hannunka ya faɗa ka yi Bauchi ka kwana ka shiga Yankari. Sai dai ka guji hanyar Wudil ran Juma'a, ranar kasuwar shanu ce, tireloli da garke ba wurin sabon hannu bane.

Oga_Kofar_Ruwa:

Maigida barka da arziki. Kar ka kai wa wannan makanikin, ba dan ba shi da kirki ba, amma maganar da ya yi ta nuna bai taɓa buɗe irinsa ba. Mashin ɗinka ba shi da kafireto ko ɗaya, injekta ne, famfon man yana cikin tanki.

Gogawar da kake ji nasan ta. Ka tsaya a bayansa ka kalli salansa. A wannan samfurin ƙarfen da yake riƙe da salansar an yi masa walda ne a jikin firam, in mashin ya faɗi ta dama yakan lanƙwashe ciki sai salansar ta riƙa taɓa hannun da yake riƙe tayar baya. Za ka ga wurin ya yi sheƙi. A hankali ake janyo shi waje ya koma, kar a sa masa guduma kuma kar a sa wuta.

Baƙin mai 10W-40 na babur, ka juya galan ɗin ka ga an rubuta JASO MA ko MA2. Kulocinsa a cikin man yake wanka, in ka zuba na mota mai sa santsi zai fara zamewa ka ji injin yana ihu mashin baya tafiya. Littafin ya ce kilomita 10,000 amma da zafin nan namu da ƙura ni a 5,000 nake juye wa kwastomomina, da filta. Tunda baka san me na baya ya zuba ba juye shi yau ɗin nan, ka canja man birki ma DOT 4, ka duba ruwan lagireto, in zaka ƙara ka sayi na gora mai kala kar a zuba maka ruwan rijiya ko na borehol. Bawul sai 40,000 ake dubawa, da sauranka.

Abu biyu ne suke kashe irin wannan a arewa, ƙura da man bumburutu. Filtar iska tana ƙarƙashin kujera, ta takarda ce mai ɗan maiƙo, ba a wanke ta kuma kar ka bari mai faci ya hura mata iska, in ta toshe canjawa ake. Lokacin hunturu duk sati biyu ka buɗe ka leƙa. Ka yi odar guda biyu ka ajiye dan ba kayan da zaka shiga kasuwa ka ɗauko a take bane. Shi kuma mai, Boxer zai sha na jarka da ruwa da datti ka kwance kafireto a gindin bishiya ka wuce, wannan famfon ne zai toshe ya tsayar da kai inda ba mai iya taɓa shi. In dole ta sa ka saya a galan ka tace da tsumma mai tsabta. Tanki ɗaya zai kai ka kilomita 300 da ɗoriya in baka matsa masa ba, in layin ƙarshe na agogon mai ya fara ƙiftawa saura wajen lita 4.

Taya 21 a gaba 18 a baya, kuma masu tiyub ne, wannan alheri ne a wurinmu dan kowane mai faci zai iya. Amma ciro tayar kai zaka koya, mashin ba shi da jak ɗin tsakiya, kuma sifanan gaba ba kowa yake da shi ba, ka haɗa naka ka riƙa yawo da su da tiyub ɗin gaba guda ɗaya da ƙaramin famfo. Ka duba gefen tayar akwai lamba huɗu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara. In ta haura shekara biyar ko da zanenta ka canja. Iska kuma ka bi takardar da aka manna a jikin mashin ka sayi geji naka, masu faci da yatsa suke aunawa.

Cen mai roba ce a ciki, da kalanzir ake wanke ta banda fetur. Kuma a sake ake barinta, kar wani ya ɗaure maka ita tamau kamar ta Boxer, in shakazoba ta nutse sai ta ci beyarin ɗin giya.

Abu na ƙarshe, makulli nawa suka baka? In na Turai ne akwai ja guda ɗaya, shi ne uban, da shi ake yi wa sabon makulli rajista. In yana nan ka ɓoye shi a gida kar ka riƙa tuƙi da shi.

Dan_Hotoro:

Ni dai gaskiya ban yarda da wahalar da kai ba. Akwai ƙarfen rage tsawo da ake sa wa a shakazobar baya, ka sa shi ka sassauto da na gaba daidai, ka ga ƙafa biyu a ƙasa hankalinka kwance. Nawa V-Strom 650 ne haka nai masa shekara biyu ban faɗi ba. Mutum ya kashe miliyoyi sannan a ce ya je filin ƙwallo yana faɗuwa da shi.

Baba_Mai_GS:

Dan_Hotoro ba haramun bane, amma V-Strom ɗinka kwalta yake bi. Shi wannan tsakanin cikinsa da ƙasa milimita 240 ne kuma kuɗin wannan tsawon ya biya, in ya rage to a burji da kwazazzabo dutse zai riƙa dukan ƙasan injin, jak ɗin ma sai an yanke shi in ba haka ba mashin ya tsaya a miƙe iska ta tura shi. Ya fara da kujera mai ƙasa, Yamaha da kansu suna yinta, ko mai ɗinkin kujera ya rage soson ta gefe gefe. In bayan wata biyu har yanzu tsoro yake ji sai ya sa ƙarfen. Kuɗin ya fara sa su a ƙarfen kare inji da makarin hannu.

Dan_Damagaram:

Ina gaida ku 'yan uwa na Najeriya. Malam ka san sunan moton nan naka namu ne? Ténéré hamada ce a nan Nijar gabas da Agadas, kalmar Buzaye ce, ta nan ayarin raƙuman gishiri suke bi zuwa Fashi da Bilma. Tseren Paris-Dakar na farko da ya ƙare a Janairun 1979 ya ratso ta Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ne ya ci tseren a kan Yamaha XT500. Daga nan a 1983 Yamaha suka fitar da XT600Z suka sa masa suna Ténéré da ƙaton tanki mai ɗaukar wajen lita 30. Stéphane Peterhansel sau shida yana cin Dakar a kan Yamaha. Mahaifina yana bamu labari yadda Agadas take cika in 'yan tseren sun zo. Akwai ma wata bishiya guda tal da take tsakiyar hamadar, wani direban babbar mota ya buge ta a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai yanzu, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

To batun rairayi tunda mu a cikinsa muka tashi. Duk abin da jikinka yake gaya maka ka yi a yashi kuskure ne. Kan moto zai fara rawa, ranka zai ce sake totur ka taka birki, kana yin haka tayar gaba ta nutse ka tashi sama. Miƙewa ake tsaye a kan matakan, gwiwa ta riƙe tanki, jiki ya ɗan koma baya, hannu a sake ka bar kan ya yi rawarsa, giya biyu ko uku totur a riƙe. Ka rage iskar taya kaɗan amma ba sosai ba tunda tiyub gare ka, in ka hau gudron wato kwalta ka mayar. ABS ɗin ma, wato na'urar da take hana taya ƙamewa in ka taka birki, a yashi kashe shi ake, akwai maɓalli a jikin agogo sai ka tsaya cak ka danne shi, in ka kashe makulli zai dawo da kansa. Ka sa gwangwanin lemo da aka take a aljihu, shi zaka ɗora wa jak in ka tsaya a yashi.

In wata rana zaka shigo ta Kongolam ko ta Jibiya ka zo da takardun duwan wato kwastam na asali, da farmi wato lasin tuƙi, da asirans wato inshora da katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, sunan da ke takarda ya zama naka. Nijar ta fita daga CEDEAO wato ECOWAS a Janairun 2025 saboda haka ka tambayi direbobin tasha abin da ake karɓa a iyaka kafin ka taso. Kuma an sha hana yawo da moto a wasu yankuna saboda tsaro, kamar wasu sassan Tillaberi da Diffa, jandarma basa wasa da wannan. Hamadar kanta ba a shigarta mutum ɗaya ko da wane irin moto ne.

Maman_Biyu_Nas:

Yayana ni ba na tuƙi, maigidana ne yake da irin wannan, ni kuma ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren haɗari. Dan girman Allah kar ka sake hawa da wannan hular. Ka nemi mai rufe haɓa, ka duba igiyarta ko bayanta akwai shaidar ECE 22.05 ko 22.06, ta kama kanka ba ta juyawa, kuma ka ɗaure igiyar. Belgium ɗin hula kar ka saya, baka san ko ta taɓa bugun ƙasa ba.

Sannan takalmi. Abin da muka fi gani a masu manyan mashina shi ne karayar idon sawu da ƙwauri, mashin ya danne ƙafa, kuma sau da yawa ba gudu suke ba. Dogon but mai tauri har ƙwauri, safar hannu, riga mai raga raga da abin kare gwiwar hannu da kafaɗa dan zafinmu. Babbar riga da silifas a bar su a jaka sai an isa. Ƙaninka ma in zai hau sai an saya masa duka irin naka, in kuɗin bai kai na mutum biyu ba to tafiyar mutum ɗaya ce. Ka rubuta rukunin jininka da lambar wani naka ka sa a aljihun gaba.

Jauro_Gembu:

Malam muna maraba da kai amma ka ji shawarar Baba. Daga Kano zuwa nan wajen kilomita 1,000 ne, kwana biyu cur in kana son kanka. Daga Jalingo ka bi Garba Chede, Bali, Serti inda ofishin gandun Gashaka Gumti yake, sai Mayo Selbe. Daga nan hawan yake farawa, kwana a kan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, ga manyan motoci masu saukowa da kaya suna cin hannunka. In ɗaya ta tsayar da kai a tsakiyar kwana a kan hawa da goyo a baya, abin da ya same ka a get shi zai maimaita kansa, sai dai nan ba maƙwabta kuma ba fili. Saukowa ma da giya ake yi, in ka dogara da birki zai yi zafi ya sake.

Sannan lokaci. Damina a nan doguwa ce, ruwa da hazo sai ka kasa ganin gabanka, jar ƙasar kuma in ta jiƙa kamar sabulu. Ka bari sai Disamba ko Janairu, ka cika tanki a Serti, ka hau da safe, ka taho da rigar sanyi ta gaske dan Nguroje da dare ba wasa. Kar ka yi tafiyar dare ko kaɗan, kuma kowane gari ka tambayi 'yan tasha lafiyar hanyar gaba. In ka iso zan kai ka gonar shayi ta Kakara.

Sabon_Hannu_Kano:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Oga wallahi kamar kana wurin, na duba salansar ta matso ciki har ta goge fentin, mun janyo ta a hankali ni da wani mai gyaran manyan mashina da aka haɗa ni da shi, ƙarar ta ɗauke. Mun juye mai. Filtar iska da muka buɗe baƙa ƙirin, na yi odar biyu. Tayar gaba an rubuta 3819 wato tun 2019 take, ita ma zata tafi.

Baba yau kwana huɗu ina zuwa fili bayan asuba, ya kwanta sau ɗaya kuma na ɗaga shi ni kaɗai yadda ka ce, sai da nai zufa amma ya tashi. Juyawa hagu ta fara zama, ta dama ce har yanzu nake sa ƙafa. Hajiya na sayi hula da but, rigar sai ƙarshen wata. Na faɗa wa ƙanina Mambilla sai Disamba in Allah ya kai mu, bai ji daɗi ba amma ya haƙura. Jauro zan neme ka.

Saura abu ɗaya Oga, makulli ɗaya tal suka bani kuma baƙi ne, na kira wanda ya sayar min yace haka ya zo. Yaya zan yi?

Oga_Kofar_Ruwa:

To ka riƙe shi da kyau maigida, dan in na Turai ne kuma wannan ya ɓata ba jan, sai an canja kwakwalwar mashin da mazaunin makullin gaba ɗaya, kuɗi ne masu yawa. Akwai masu yin makullin mota da na'ura da suke iya kwafar ɗan abin da yake cikin kan makullin, ka je da mashin ɗin a gwada sabon a gabanka ya tashi kafin ka biya. Kar ka haɗa biyun a zobe ɗaya, suna rikita na'urar mashin da take karanta makulli. Ka turo min hoton agogon lokacin da ka kashe makulli in ga ko akwai 'yar fitilar da take ƙiftawa, daga nan zan san wane iri ne.